Hutun kwana uku a ƙasar Katagum: Daga Azare zuwa Gololo



A makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki, ta ce in ba ta maganin gajiya. Na tambaye ta abin da take ji, ta ce kullum jikinta a mace yake, ga ciwon kai da yamma, barci kuma ba ya isarta. Na auna ta, jininta bai hau ba. Ta nuna min takardar gwajin da ta yi a asibiti, babu maleriya, babu ƙarancin jini. Sai na tambaye ta yaushe rabon da ta yi kwana biyu a jere ba ta ɗora tukunya ba. Ta yi dariya ta ce, "Tun ina amarya." Da na ce mata hutu ya fi kwalbar ƙarin jini amfani a gare ta, sai ta ce, "Haba 'yar'uwa, hutu ai na masu zuwa Legas da Dubai ne, su miƙe ƙafa a bakin teku."

Wannan magana tata ce ta sa yau zan ba ku labarin irin hutun da muke yi a gidana, wanda babu jirgi a cikinsa, babu teku. Mu da muke zaune a Kano da Kaduna da Abuja, yawancinmu ba ma zuwa garuruwanmu sai an yi rasuwa ko biki. Mu je a gurguje, mu dawo da gajiyar da ta fi wadda muka tafi da ita. Yaranmu kuwa sun san sunan garin kakanninsu ne kawai a takardar shaidar ƙaramar hukuma. Alhali in an zauna an tsara, wannan tafiya ɗaya za ta iya haɗa yawon buɗe ido da cin daɗi da hirar dare da zaman bakin ruwa, a kuma sada zumunci. Dangin maigidana a Gololo suke, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa a Jihar Bauchi, don haka da hanyarmu zan yi misali. Mai karatu sai ka sa sunan naka garin a gurbin namu.

Lokacin da ya dace

Ku zaɓi tsakanin Nuwamba da Janairu. An gama girbi, abinci ya wadata, hanyoyi sun bushe, kogi ya ja baya ya bar rairayi. Damina ba lokacin wannan yawo ba ne. Yankin Zaki da kewaye wurin ambaliya ne, kuma a watan Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a Ƙaramar Hukumar Katagum. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, lokacin sanƙarau ke nan, yaro da tsoho ba sa jin daɗin mota. In da hali ku duba kwanan wata na Musulunci, ku sa tafiyar ta faɗo tsakanin 12 da 15 ga wata. Za ku ga amfanin farin wata in mun isa Gololo.

Kuɗin tafiya kuma ku kasa shi huɗu tun daga gida: na mai ko kuɗin mota, na masauki da abinci, na tsaraba da alheri ga dangi, sai na huɗu da ba a taɓawa sai lalura ta taso, ko ta mota ko ta asibiti. Na ga iyalin da suka rabar da komai a gaisuwa, yaro ya kwana da zazzaɓi aka rasa kuɗin gwaji. Ku riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin in an bar Azare ba ko'ina ake samun sabis ɗin tura kuɗi ba.

Jakar magani kafin jakar kaya

Ni kafin in ninke zane ɗaya, jakar magani nake fara haɗawa. A ciki akwai farasitamol na manya da na yara, da ma'aunin zafin jiki, da ƙullin gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zink, da filasta da auduga, da man shafawa mai korar sauro, da man kaɗanya saboda hunturu. Gidan sauro ma yana cikin kaya, kada ku dogara da na masauki. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma ko farfaɗiya ya ɗebi maganin da zai ishe shi har da ƙarin kwana uku, a cikin kwalinsa na asali, don ko da ya ƙare a san sunansa da ƙarfinsa. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihu, ƙurar hunturu ba ta sallama.

Kada a ajiye magani a but ko a gaban gilashin mota. Yawancin magunguna ana so su zauna ƙasa da digiri 30, mota kuwa in ta tsaya a rana takan zarce haka nesa ba kusa ba. Mai allurar insulin ya naɗe ta a tsumma ya sa a ƙaramar kula, kada ta taɓa ƙanƙara kai-tsaye, domin daskarewa na lalata ta kamar yadda zafi ke lalata ta. In an isa ƙauye babu firji, a sa ta a leda a ɗaure, a ajiye a gindin randa inda ke da sanyi.

Maigida, in kai za ka tuƙa, ka guji maganin mura mai sa barci tun daga daren tafiya. Yara su zauna a baya, kowa ya ɗaura bel. Wanda mota ke sa wa amai ya ci abu kaɗan mara maiƙo, ya bar kallon waya, ya riƙa duban hanya can gaba.

Ranar farko: Azare

Daga Kano zuwa Azare kimanin kilomita 200 ne, ta Wudil da Shuwarin da Jama'are. Mu mukan tashi ranar Juma'a bayan sallar Asuba, mu isa da hantsi. Wanda ya taso daga Bauchi zai biyo ta Darazo da Misau. In kun zo gadar Jama'are ku rage gudu ku nuna wa yara kogin, ku ce su riƙe shi a ransu, gobe za su sake haɗuwa da shi a wani gari.

Shawarata ita ce daren farko ku kama masauki a Azare, ko da kuna da dangi a garin. Na san za a yi ƙorafi, amma dalilina shi ne uwargida. In aka sauka a gidan dangi, kafin ta cire mayafi ta shiga madafa, hutun ya zama na maigida da yara kaɗai. Ku je ku gaida kowa, ku ci abincinsu, amma ku kwana inda ba wanda zai tashe ta da asuba neman kunu. Kafin ku biya kuɗin ɗaki ku duba banɗaki da zanen gado da ragar taga.

Azare ita ce mazaunin Sarkin Katagum, kuma Mai Martaba Alhaji Umar Faruq na Biyu ne ke kan karaga tun ƙarshen 2017, bayan rasuwar mahaifinsa Alhaji Muhammad Kabir Umar. Bayan an sauko daga Juma'a ku tsaya a ƙofar fada yara su ga dogarai da shigarsu, su ga yadda ake faɗuwa gaisuwa. Ku sa su kasa kunne su ji Guddiranci, karin Hausar mutanen wannan yanki. Babban ɗana ya yi mako guda yana kwaikwayonsa bayan mun dawo. In kuna da masu shirin gama sakandare, ku zaga da su ta Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ku nuna masu inda Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya take, wadda aka kafa a 2021. Ku kuma gane hanyar babban asibitin tarayya da aka fi sani da FMC tun da rana, don kada a zo ana lalube da dare in ta ɓaci.

Da la'asar sai kasuwa. A nan za ku sayi tsarabar dangi da ta komawa gida, irin su kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da riɗi da wake. Maganar ci kuwa, Jihar Bauchi ba a yi mata gori a masa. Ku neme ta inda ake suya a gabanku, da miya mai tururi. Ƙa'idata a tafiya guda ce: abin da aka dafa yanzu yana da zafi, ko ɗan itacen da za ka ɓare da hannunka. Yankakkiyar kankana da ke tire tun safe ku bar ta, ku sayi guda ku yanka da wuƙarku. Zoɓo da kunun zaƙi na roba da ba ku san ruwan da aka yi su da shi ba, ku haƙura. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda Bauchi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Bayan Isha gari ke sake buɗewa. Masu tsire da balangu sun hura wuta, mai shayi ya jera burodi, samari sun cika gidan kallon ƙwallo. Ku fita da yaran ku zauna a benci kamar kowa. Ku ce a mayar da naman kan wuta a gabanku, kada a ba ku wanda ya huce a takarda. Mai hawan jini ya ce a rage yaji, domin gishiri da ɗanɗano ne suka fi yawa a ciki. Mai ciwon sukari ya tsaya a kan mai shayi lokacin da yake zuba madara da sukari, in ba haka ba za a haɗa masa na kwana uku a kofi ɗaya. Masu yawo da magani a faranti ko a bokiti, da masu lasifika a tasha da ke tallar maganin da ke warkar da cuta goma, ku wuce su. Ƙarfe goma ta yi maku a ɗaki.

Rana ta biyu: Katagum da bakin kogi

Da safe sai ku nufi tsohon garin Katagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, kimanin kilomita 70 arewa da Azare. Mutane da dama ba su san cewa nan ne asalin gidan sarautar ba, sai a farkon zamanin Turawa aka mayar da fada Azare. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, kuma sunansa ƙaramar hukumar ta ci. A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Muhammadu Ɗankauwa, wasu Turawa biyu da suka fito daga Borno za su Kano suka sauka a garin, suka tarar da shi da ganuwa da ƙofofi da kasuwar da ake ciniki da wuri. Ɗayansu, Hugh Clapperton, ya kai Kano har Sakkwato. Ɗayan kuwa, Walter Oudney, likita ne, amma ya taso da ciwo a jikinsa, ya nace sai an ci gaba da tafiya. Bai yi nisa da Katagum ba ya mutu a wani wuri da ake kira Murmur. Nakan ba yarana wannan labari, nakan kuma ba kaina: in wani a gida ya kwana da zazzaɓi ko gudawa ranar tafiya, a ɗage ta. Garin ba ya gudu.

Ku nemi wani dattijo a ƙofar gidan hakimi ku gaishe shi, ku roƙi a haɗa ku da wanda zai zaga da ku. Abin da za ku ji daga bakinsa ba ya cikin littafin makaranta.

Daga nan sai bakin ruwa. Kogin da kuka tsallaka jiya a Jama'are shi ne ya biyo ta Katagum. Daga tsaunukan yankin Jos yake tasowa, a can sama ana ce masa Bunga, ya gangaro ya haɗu da Kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Da rani yakan bar rairayi mai laushi, ga masunta da kwalekwalensu, ga lambunan fadama kore shar, ga shanu na gangarowa shan ruwa. Ku shimfiɗa tabarma a inuwa, ku sayi kifi a soya maku, yara su gina gidajen ƙasa. Autata da ta dame ni da bidiyon bakin teku a waya, ranar ba ta sake tambayar teku ba.

Amma ku saurare ni da kyau a nan, domin ni na yi kuskuren da ba na so ku yi. A zuwanmu na farko na bar babban ɗana ya shiga ruwa da yaran gari, a wani lungu da ruwan ya kwanta, mai ciyayi. Na ga bai kai masa gwiwa ba, na ce ba komai. Bayan kamar wata uku ya kira ni banɗaki a tsorace, jini na biyo ƙarshen fitsarinsa. Gwaji ya nuna tsargiya. Ni da nake ba mutane maganinta a kanti, ga ta a cikin gidana. Ba sai an sha ruwan ake kamuwa ba. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wasu ƙananan dodon-koɗi na ruwa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara. A wasu garuruwa har yau ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara girma. Ba girma ba ne, ciwo ne, kuma in aka bar shi shekaru yakan taɓa mafitsara da ƙoda, a mata kuma yakan taɓa mahaifa. Maganinta praziquantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum bayan an gwada fitsari. Ɗana ya warke, alhamdu lillahi. Tun daga ranar dokar gidana ita ce a zauna a bakin ruwa, ba a shiga. In ruwa ya taɓa yaro bisa kuskure a goge shi da tawul nan take, a sa ido a kansa, in an ga wata alama a je asibiti a faɗi inda aka je. Haka nan kada ku hau kwalekwalen da aka cika maƙil, kada kuma ku ɗauke ido daga ƙaramin yaro ko na minti ɗaya. Kafin la'asar sakaliya ku naɗe tabarma, sauron fadama ba ya jiran damina.

Daren Gololo

Gamawa maƙwabciyar Zaki ce, don haka daga Katagum mukan wuce Gololo mu isa kafin Magariba. Ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ku kama ta. Gololo ba ta da abin da ɗan birni zai kira wurin shaƙatawa. Garin manoma da makiyaya ne, ga rumbuna cike da gero da dawa a wannan lokaci, ga Fulani na shigowa da ƙwaryar nono. Amma a nan nake yin barcin da ba na samu a Kano duk shekara. Babu ƙarar janareta a kunne, babu hon. Bayan tuwo da miyar kuka da man shanu, sai a baza tabarmi a tsakar gida. In kun bi shawarata ta kwanan wata, farin wata zai haska ko'ina har kana ganin zanen tabarma. Ku karɓe wayoyin yara, ku miƙa su ga kakarsu ta yi masu tatsuniya. A irin wannan dare ne yarana suka fara jin sunan kakan kakansu da inda ya taso.

Wanda zai zaga da dare ya sa takalmi ya riƙe tocila, a kuma kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In maciji ya sari wani, Allah Ya kiyaye, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi motsa gaɓar, a ɗauke shi zuwa asibiti. Nono kuma ku tambaya ko an dafa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara kan ɗauko cuta daga saniya zuwa mutum. Ruwan sha na yara ku tafasa ko ku zo da naku. In gudawa ta kama yaro ku fara da ORS, in babu ku zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a haɗa da zink na kwana 10 zuwa 14. In ya kasa sha, ko ido ya faɗa, ko akwai jini a bayan gida, sai asibiti.

Rana ta uku: gaisuwa da komawa

Tun daga gida ku rubuta gidajen da za ku shiga, kada su wuce biyar ko shida, tsofaffi da marasa lafiya a gaba. Ni da yake an san aikina, kowa da ƙorafinsa yake tarbata, wannan gwiwa, wancan jiri. Na daina kai tsarabar magani, domin na ga ana raba shi kamar goro. Yanzu na'urar auna hawan jini nake ɗauka. A zuwanmu na bara na auna dattawa a zaure, na samu wani kawun maigidana jininsa ya hau sosai bai sani ba, shi dai ya ce ƙeya ke yi masa nauyi. Yanzu yana karɓar magani a asibiti. Wannan ta fi turmin atamfa.

Ku kama hanya kafin Azahar don ku shiga gida da sauran rana, kada dare ya yi maku a titi. Bayan an dawo, duk wanda ya yi zazzaɓi cikin makonnin da suka biyo baya a gwada jininsa kafin a ba shi maganin maleriya, a kuma gaya wa likita an yi tafiya.

Baiwar Allah da na fara da labarinta, da na gama zayyana mata wannan sai ta ce su mutanen wajen Haɗeja ne, kuma shekararta huɗu rabonta da gida in ba ta'aziyya ba. Ta tafi ba ta sayi komai ba, ta ce za ta yi wa maigidanta maganar hutun Disamba. Maigida, in taka ta zo maka da irin wannan magana, ka saurare ta.

Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda.